Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Jed Mercurio da BBC: Bashin da Masu Kallon Line of Duty Ke Bin Ku

Zuwa ga Malam Jed Mercurio, marubucin shirin Line of Duty, da shugabannin sashen wasan kwaikwayo na BBC,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da abokan aikinku baki ɗaya.

Na rubuto muku ne da yawun wata 'yar majalisa ta Hausawa mazauna Birmingham, garin da kuka ɗauki zangon farko na shirin, wanda labarin 'yan sanda masu binciken 'yan sanda ne, kafin ku koma Belfast. Mu ba ƙungiya ba ce mai rajista ko shugaba. Iyalai ne kaɗan da zaman baƙunta ya haɗa: akwai direban tasi, akwai ma'aikaciyar jinya, akwai ɗalibai masu neman digiri na uku, wasu daga Kano, wasu daga Damagaram, da wani dattijo ɗan zangon Kumasi wanda ya fi kowa zafin gardama. Da Hausa na rubuta, don gidanku yana magana da ita tun 1957, ba za ku rasa mai karanta muku ba. Shi kuma mai karatun da bai kalli shirin ba, ya sani tun yanzu cewa zan tona ƙarshensa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne sanarwar da kuka fitar a watan Nuwamban 2025, cewa shirin zai dawo da zango na bakwai mai kashi 6, kuma Adrian Dunbar da Vicky McClure da Martin Compston duk za su koma bakin aiki. Mun yi murna, babu ɓoye-ɓoye. Sai dai akwai bashin da muke bin ku tun daren 2 ga Mayun 2021, daren da mutum miliyan 12.8 suka zauna gaban talabijin a ƙasar nan don a faɗa musu ko wane ne "H", babban jami'in 'yan sandan da ake zargin yana yi wa miyagu aiki. Gara mu tuna muku tun ba ku ci wani sabo ba.

Kafin ƙorafi, a ba kowa haƙƙinsa. Ba kowane marubuci ne zai zaunar da mutane a bakin tebur, ya sa su yi ta tambaya da amsa kusan rabin awa, kamar yadda kuka yi da Jo Davidson, jami'ar da ake bincika, a kashi na shida na zango na shida, amma mai kallo ya kasa tashi ya sha ruwa ba. Har yau a majalisarmu ba a gama shari'ar Lindsay Denton, jami'ar da aka bincika a zango na biyu, ba, wasu na cewa an zalunce ta, wasu na cewa ita ta jawo wa kanta. Kashi uku na ƙarshe na zango na shida cikin azumi suka faɗo, ƙarfe 9 na daren Lahadi, daidai tsakanin buɗe-baki da tarawi, ga dokar korona ta hana shiga gidajen juna. Kowa a falonsa yake kallo, ana gamawa sai wayoyi su ɗauki ruri. Mutanen da suka ba ku irin wannan lokacin suna da bakin magana.

Ƙorafinmu na farko, kuma uwar sauran, shi ne kun sauya tambaya ana tsakiyar wasa. A wasanmu na kacici-kacici, idan masu amsa suka gaza, sai su ce sun ba da gari. Mai tambaya ya karɓi garinsa, ya faɗi amsa. Kowane yaro ya san sharaɗin: dole amsar ta dace da tambayar da aka yi tun farko. Ga yadda taku ta kasance. A 2016 Matthew Cottan, baragurbin ɗan sanda da ake wa laƙabi da Dot, ya tare harsashin da aka nufi jami'ar bincike Kate Fleming da shi, aka ɗauki maganarsa ta ƙarshe a bidiyo. A 2017 kuka nuna mana bidiyon: ana karanto masa haruffa, aka zo kan H, ya ƙifta ido. Ma'anar da shirin da kansa ya ba mu ita ce akwai wani babban jami'i baragurbi wanda sunansa ya fara da wannan harafi. Shekara biyu mutane suna jera sunaye, Hilton ne, Hastings ne, Hargreaves ne, Huntley ce. Sai a ƙarshen zango na biyar, a 2019, kuka sake kunna bidiyon nan dai, kuka ce mu daina kallon ido mu kalli hannu. Ashe wai yatsunsa ne ke bugu sau huɗu, irin saƙon Morse na zamanin tangaraho, inda ɗigo huɗu ke nufin H. Wato ba mutum ɗaya ba ne, mutum huɗu ne: shi Cottan ɗin, da Derek Hilton, da lauya Gill Biggeloe, da wani na huɗu.

Malam Jed, kai likita ne kafin ka zama marubuci. Ka fi mu sanin abin da mai harsashi a ƙirji zai iya da wanda ba zai iya ba. Amma ko mun yafe wannan, ɓarnar da ta biyo baya ita ce damuwarmu. Daga ranar, mai kallo ya fahimci cewa duk wata alama da aka ajiye masa ana iya dawowa a ce ba haka ake nufi ba. Wanda ya kalla da natsuwa, ya riƙe sunaye da shekaru, shi ya yi asara, wanda ke kallo yana danna waya bai rasa komai ba. Ga shi kuwa a ƙarshe wanda aka kama, Ian Buckells, ko a sunansa ko a na mahaifinsa babu inda aka fara da H.

Na biyu, batun Ted Hastings, shugaban masu binciken. Kun kwashe zango guda kuna jibga masa abin zargi. Tun a zango na uku mun ga irin musabahar da ya yi da Patrick Fairbank, tsohon babban ɗan sanda da ake zargi, ta 'yan ƙungiyar asiri. A na biyar ya naɗe laftof ɗinsa ya kai inda za a lalata shi. Ya rubuta wata kalmar Turanci da kuskuren harafi ɗaya, irin kuskuren da mai ba gungun miyagu umarni ke yi. An ajiye masa fam 100,000, aka samu rabi a ɗakinsa na otal, rabin kuma ya kai wa matar John Corbett a ɓoye. Ba mu ce kada marubuci ya ɓatar da sawu ba, ai daɗin wasan ke nan. Amma ɗaya daga cikin abubuwan nan ya fi ƙarfin ɓatar da sawu. Hastings ya je gidan yari wurin Lee Banks, ɗaya daga cikin miyagun, ya tsegunta masa cewa akwai mai kai rahoto a cikin gungunsu. Ba a daɗe ba aka yanka Corbett, ɗan sandan da ya saje da su, ya bar mata da 'ya'ya. Rai ne ya salwanta. Me ya biyo baya? A kashi na ƙarshe Hastings ya shiga ofishin Patricia Carmichael, jami'ar da aka ɗora a kan sashensa, ya amsa da bakinsa, ita kuma ta dube shi kamar ya tambaye ta hanyar kasuwa, shi ke nan aka rufe babi. Mutumin da kullum wa'azinsa bin doka sau da ƙafa, aka bar shi ya wanke kansa da magana ta minti biyu.

Haka ma Kate. Ita ta harbe Ryan Pilkington a wurin ajiye manyan motoci, Jo Davidson ta ɗauki laifin a kanta, Carmichael ta gane amma ta kawar da kai. Babu wanda ya yi kukan Ryan a cikinmu, yaron da muka gani a kan keke tun 2012 har ya girma ya sa kaki yana kashe mutane. Amma sashen AC-12 an kafa shi ne don kamo 'yan sandan da ke rufa wa juna asiri, ga shi jarumarsa ta tsira ta hanyar rufa-rufa, kuma shirin bai ko ɗaga gira ba. Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinmu ta ce da a ce wani jami'in ne daban ya yi haka, da an ba shi kashi shida shi kaɗai.

Na uku gajere ne. Kun ɗauko fitaccen jarumi kamar James Nesbitt, kuka nuna hotonsa a matsayin Marcus Thurwell a ƙarshen kashi na biyar, kun san sarai abin da ganin fuskarsa zai sa mutane su ɗauka. Mako na zagayowa, 'yan sandan Sifaniya suka fasa gida suka tarar da gawa ta ruɓe. Ko kalma ɗaya bai furta ba. Wannan alama ba daga cikin labarin ta fito ba, da sunan jarumin kuka yi mana tarko. Shi ya sa har yau akwai masu rantsuwa cewa Thurwell na nan da ransa, har da masu cewa sun gane idonsa a cikin 'yan sandan da suka rufe fuska a wajen samamen.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai, kuma a nan ne zan daɗe. Da zarar kun koya wa jama'a cewa komai na iya zama alama, sai suka shiga farautar alama a ko'ina. Carmichael ta buga biro a tebur, aka ce saƙon Morse ne. Aka riƙa wargaza haruffan sunanta ana sake jera su. Aka ce Chloe Bishop, ƙaramar jami'ar AC-12, 'yar Tony Gates ce, don kawai Gates na zangon farko yana da 'ya mai wannan suna. Aka zargi Kate, aka zargi Steph, matar Corbett, aka leƙa har tayal ɗin kicin ɗinta ana neman harafi. Mu ma mun yi, kuma mun ji daɗinsa. To amma ana cikin wannan shagali, me ke tafiya a cikin labarin?

'Yar jarida Gail Vella aka kashe don tana tono. Kai da kanka ka ce ka tuna da Daphne Caruana Galizia wajen ƙirƙirar ta, 'yar jaridar Malta da aka dasa wa bam a mota a watan Oktoban 2017. Abin da Vella ke tonowa kuwa shi ne mutuwar Lawrence Christopher, matashi baƙar fata da wasu fararen samari suka yi wa dukan kawo-wuƙa, ya ƙarasa a hannun 'yan sanda suna masa ba'a. Duk baƙin mutum da ya zauna a ƙasar nan ya san inda aka samo sunan. Stephen Lawrence, ɗan shekara 18, an kashe shi a Eltham da ke Landan a 1993. Sai a 1999 rahoton Macpherson ya tabbatar da cewa wariyar launin fata ta yi kanta a rundunar 'yan sandan birnin, kuma sai a Janairun 2012 aka samu mutum biyu da laifi. Christopher Alder, tsohon soja, ya mutu a ƙasan ofishin 'yan sanda a Hull a 1998, jami'ai na tsaye a kansa. Iyalan mutanen nan suna raye. Mu da muke rainon 'ya'ya maza baƙaƙe a garuruwan Ingila, wannan ba tatsuniya ba ce a wurinmu.

Kun yi jarumtar ɗauko wannan nauyi, sannan kuka bar shi ya zama matakala zuwa ga amsar kacici-kacici. Lokacin da Chloe ta zayyana yadda aka kashe Christopher, muryarta na rawa, shi ne wuri mafi ƙarfi a zangon gaba ɗaya. Washegari da na shiga wurin aiki, ba wanda ya ambaci yaron. Maganar kowa ita ce ko wane ne na huɗu. Ban ɗora wa abokan aikina laifi ba, inda aka nuna musu su kalla nan suka kalla. Ƙarshen abin da Lawrence Christopher ya samu shi ne layi ɗaya a rubuce a kan allo, cewa ana duba batun Darren Hunter, ɗan Tommy Hunter, tsohon shugaban gungun miyagun.

Yanzu Buckells. A nan majalisarmu ta rabu, kuma ina cikin tsirarun da ke bayanku. Dattijonmu ya yi rantsuwa cewa idan ba Philip Osborne, shugaban rundunar, ba ne zai daina kallon talabijin (bai daina ba). Ni kuwa na ga gaskiya a cikin zaɓinku. Mutanen da suka taso a inda ake ƙara wa jami'i girma don ya iya yin shiru, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan irin su Buckells. Rago ne, mai kwaɗayi, wanda kowa ya raina har ba a tsaya binciken sa ba, duk fayil ɗin da ya shiga hannunsa sai ya kwanta, kuma kowane kwanciyar fayil sai ta zo masa da sabon muƙami. Yana nan tun 2012 lokacin ɓacewar Jackie Laverty, ya dawo a 2017, ya sake dawowa a 2021 yana sufritanda. Sandunan golf ɗinsa suna jingine a ofis, alhali laƙabin ɗan sandan da miyagun suka raina tun yana yaro shi ne Caddy, wato mai ɗaukar wa ɗan wasan golf jaka. Wannan alama ce ta halal, mun gan ta muka wuce. Da bakinsa ya ce shi ɗan aike ne kawai tsakanin gungu-gungu, manyan ne suka mutu ɗaya bayan ɗaya suka bar shi. Na yarda haka ɓarna take tafiya a hukumomi da yawa.

Inda na rabu da ku shi ne hanyar da aka bi aka kama shi. Kuskuren harafin nan ne dai, aka bincika tsofaffin rahotanni aka ga wa ke yin sa. AC-12 ta san da kuskuren tun 2019. Me ya hana a yi binciken a lokacin? Sannan mutumin yana tsare a gidan yari tun tsakiyar zangon, sai dai aka sake fito da shi. Bayan shekara 9, abin da ya warware ƙulli aikin da magatakarda zai gama kafin azahar ne.

Shi kuwa Osborne? Da shi labarin ya fara. Shi ne shugaban samamen da aka shiga gidan da ba shi ba aka harbe Karim Ali, bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, kuma shi ya tara yaransa ya ce su haɗa baki su yi wa kotu ƙarya. Ƙin yarda da haka ne ya kai Steve Arnott, abokin aikin Kate, AC-12. A zango na shida mun tarar ya zama shugaban rundunar gaba ɗaya, mun ji cewa shi da Thurwell da Buckells duk sun taɓa fayil ɗin Christopher a 2003, mun ga ya haɗe sassan yaƙi da cin hanci wuri ɗaya ya zabge musu kashi 90 cikin 100 na ma'aikata. Duk da haka ba mu gan shi ba sai a allon talabijin yana jawabi ga 'yan jarida. Ko sau ɗaya bai zauna a bakin teburin nan ba. Bayan an gama shirin ka fito ka ce binciken ra'ayin masu kallo bai nuna ɓacin rai kamar yadda kafofin sada zumunta suka nuna ba. Wataƙila haka ne. Amma alƙaluman jin daɗi ba su amsa tambayar Osborne.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Kada ku warware Buckells. Mun san akwai masu matsa muku cewa ku dawo ku ce ai saniyar ware ce, H na gaskiya yana can a ɓoye. Idan kuka biye musu, kun sake sauya tambaya karo na biyu, kuma kun zubar da abu mafi gaskiya da shirin ya faɗa don neman tafi. Ku bar shi a inda yake.

Ku zaunar da Osborne a gaban na'urar ɗaukar magana, ta yi doguwar ƙarar nan tata, a jera masa takardu. Ba mu ce lallai sai an ɗaure shi ba. Idan hukuncinku shi ne irinsa ba sa faɗuwa, to ku nuna mana yadda ake yi: wane lauya ne ya miƙe, wace waya aka buga, wace takarda ta ɓace. Mu ga tsirar da idonmu, kada a rubuto mana ita a allo ana dab da rufewa.

Ku mayar da Hastings da Kate kan abin da suka aikata. Steve ya san sirrin kowannensu, kuma shi ne mutumin da ya taɓa sadaukar da aikinsa don ƙin yin ƙarya. Akwai wasan kwaikwayo a nan wanda ya fi kowace musayar wuta.

Ku ba Lawrence Christopher shari'arsa a gaban kyamara, da iyayensa a zaune a kotu, ko da hukuncin zai zo da ɗaci.

Thurwell da Chloe kuwa, jimla ɗaya-ɗaya ta ishe su. Ya mutu ko bai mutu ba, 'yar Gates ce ko ba ita ba ce, a faɗa a wuce, mutane su huta.

Sannan, Malam Jed, ka rufe wayarka yayin rubutu. Masu hasashe miliyoyi ne, dole wani ya dace da amsa. Idan wani ya gano mai laifi tun kashi na uku don ya bi alamun da ka ajiye, wannan shaida ce cewa ginin ya tsayu, ba dalilin rushe shi ba ne. Sanarwarku ta ce an rushe AC-12 an sake mata suna, kuma akwai sabon jami'in da za a bincika. Madalla. Duk abin da kuka ajiye a kashi na ɗaya, ya kasance kun san inda zai sauka a kashi na shida kafin a kunna kyamara.

Roƙo na ƙarshe na shugabannin BBC ne. Manhajar iPlayer ba ta aiki a wajen Birtaniya, don haka 'yan uwanmu na Kano da Yamai da Kumasi sukan ji ƙarshen labari a Facebook tun kafin su samu halastacciyar hanyar kallo. Ku duba yadda zangon nan zai isa Afirka ta Yamma a mako ɗaya da nan. Kuma jama'ar da ta saba kallon finafinan Indiya da aka fassara mata da Hausa ba za ta ƙi labarin 'yan sanda masu binciken 'yan sanda ba. Kuna da masu fassara a cikin gida, ku tambaye su ko nawa abin zai ci.

Ku huta lafiya.

Naku,
A madadin majalisar Hausawa masu kallon Line of Duty, Birmingham